Shostakovich: Daga Fiyanon Silima Zuwa Fadar Stalin

Mai karatu, akwai wani kiɗa da nake da yaƙinin ka sha jin sa, ko da kuwa ba ka taɓa jin sunan mai shi ba. Kiɗa ne mai lilo, mai taku uku-uku. Wata algaitar Turawa da ake kira saksafon ce ke buɗe shi a hankali kamar mai rarrashin yaro, kafin masu goge su karɓe. Masu haɗa bidiyon biki na ɗora shi a kan hotunan ango da amarya, 'yan TikTok ma ba su bar shi ya huta ba. Kwanan baya na ji shi yana tashi a wani shagon masu tura fim a waya da ke PZ, nan Sabon Garin Zariya. Na tambayi samarin da ke wurin ko sun san kiɗan waye. Ɗaya ya ce na Indiya ne. Ɗaya ya rantse daga wani fim ɗin Turkiyya aka ciro shi. Na ukunsu ya ce, “Yallaɓai, kiɗan kwamfuta ne kawai.”

Ba laifinsu ba ne. Mai wannan kiɗa sunansa Dmitri Shostakovich, mutumin Rasha, wanda aka haifa ran 25 ga Satumba, 1906, ya rasu ran 9 ga Agusta, 1975. Ya tsara kiɗan ne don wani fim na tsakiyar shekarun 1950, amma bai gama duniya ba sai da darakta Stanley Kubrick ya buɗe fim ɗinsa Eyes Wide Shut da shi a 1999, wato shekarar da mu kuma Sangaya ta tashi kan jama'a a nan Arewa.

Ƙila ka ce, to mu ina ruwanmu da wani Barashe mai sunan da ke karya harshe? Ruwanmu da shi shi ne ɗan fim ne. Turawa sun fi saninsa da manya-manyan kaɗe-kaɗensa guda 15 da ake kira sinfoni, irin waɗanda makaɗa kusan ɗari ke haɗuwa su kaɗa na tsawon awa guda ba tare da hoto ba. Amma daga 1929 zuwa 1970 ya yi wa finafinai sama da 30 kiɗa. A silima ya fara neman abinci, kuma silima ce ta rufa masa asiri a lokacin da hukuma ta sa shi gaba. Akwai abin da nake so ni da kai mu gano a cikin aikinsa, game da wani ɓangare na fim da muka daɗe da yi wa riƙon sakainar kashi, wato kiɗan da ke raka hoto.

Yaron da ke kiɗa a cikin duhu

Mahaifinsa ya rasu a 1922, lokacin yana ɗan shekara 15, yana karatu a babbar makarantar kiɗa ta birninsu, wanda daga baya aka sa wa suna Leningrad. Gida ya shiga halin ni-'yasu. Sai yaron ya nemi aiki a gidajen silima. A wancan zamani fim ba ya magana, don haka kowace silima tana ajiye mai fiyano a gindin allo. Idan doki ya ruga, ya ruga da yatsunsa; idan jaruma ta fashe da kuka, ya sassauta. Haka zai yi ta yi cikin sanyi da hayaƙin taba har dare ya raba. Bai so aikin ba ko kaɗan, har ta kai shi ga maka wani mai silima a kotu kafin ya samu kuɗin aikinsa. Duk wani mai fiyano a sutudiyoyinmu da ya taɓa bin furodusa bashi zai gane wannan labari.

A watan Mayu na 1926 aka kaɗa sinfoninsa na farko, yana da shekara 19, kuma cikin ɗan lokaci aka kaɗa shi a Jamus da Amurka. Ya bar gindin allo, amma ya fita da ilimin da ba a koyarwa a aji: ya san daƙiƙar da ’yan kallo ke riƙe numfashi, ya san inda kiɗa ke taimakon hoto da inda yake kashe shi.

Wannan ilimi ya bayyana a 1929, da daraktoci biyu, Grigori Kozintsev da Leonid Trauberg, suka ba shi aikin fim ɗinsu Sabuwar Babila, labarin boren talakawan birnin Paris na 1871. Abin da aka saba shi ne kiɗa ya maimaita abin da ido ya gani. Shi kuwa sai ya ƙi. A inda attajirai ke shagali alhali ana shirin karkashe talakawa, ya ɗauko taken ƙasar Faransa ya cakuɗa shi da kiɗan rawar gidan giya. Ba wanda ya buɗe baki ya ce waɗannan mutane munafukai ne. Kiɗan ne ya faɗa. Makaɗan silimu suka kasa kaɗa shi daidai da hoto, ’yan kallo suka ruɗe, bayan ’yan kwanaki aka ajiye kiɗan gefe. Kasuwa ta ƙi shi. Amma a yau idan ana lissafin kiɗan finafinan da ba sa magana, da wuya a tsallake shi.

Daren da Stalin ya tashi bai gama kallo ba

Masu karatun littafi, ga naku. Akwai wani gajeren labari na marubuci Nikolai Leskov, wanda ya fito a 1865, a kan wata Katerina da aka aurar gidan attajiri. Miji ba kulawa, suruki ga mugunta, gida ya zame mata kurkuku. Ta faɗa soyayya da wani yaron gidan, ta sa wa surukin guba, suka kashe mijin, daga ƙarshe aka tasa ƙeyarsu zuwa Saiberiya, inda saurayin ya juya mata baya. Shostakovich ya mayar da labarin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa. A littafin, Katerina muguwa ce kawai. A wasan kuwa sai ya ba ta kiɗa mafi taushi, ya ba mazan da ke kewaye da ita kiɗan shaƙiyanci da izgili. Da kiɗa kaɗai ya sauya wanda za ka tausaya wa.

An fara nuna wasan a Janairun 1934, aka yi ta cika ɗaki shekara biyu. Ran 26 ga Janairu, 1936, shugaban Tarayyar Sobiyet, Joseph Stalin, ya je kallo a Mosko, ya tashi ba a gama ba. Bayan kwana biyu jaridar jam'iyyar Kwaminis, Pravda, ta fito da sharhi marar sunan marubuci, ta ce wannan hayaniya ce ba kiɗa ba, ta kuma yi gargaɗin cewa irin wannan wasa na iya ƙarewa da mummunan sakamako. Kowa ya san ma'anar gargaɗin. Shekarun da suka biyo baya su ne na kame da harbi. A 1937 aka harbe Marshal Tukhachevsky, babban hafsan sojan da ke tsaya masa. Aka kama mijin yayarsa, aka kore ita yayar zuwa tsakiyar Asiya, aka kai surukarsa sansanin gwale-gwale. Sinfoninsa na huɗu, wanda har an fara gwajinsa, ya janye shi. Ba a kaɗa shi ba sai 1961.

Me ya hana a ɗauke shi? Wani ɓangare na amsar shi ne fim. Stalin mayen kallo ne, yana da ɗakin silima a fadarsa, kuma ya san amfanin mutumin da zai iya sa miliyoyin jama'a su fito daga kallo suna rera abin da gwamnati ke so. Shostakovich ya ci gaba da yi wa finafinai kiɗa, sannan a Nuwambar 1937 ya fito da sinfoni na biyar. Mutane suka yi ta kuka a ɗakin yayin da ake kaɗa babinsa na uku, da aka gama kuma aka shafe fiye da rabin awa ana tafi. Hukuma ta ce ya tuba. Masu kukan dai su suka san abin da ya sa su kuka.

A nan ne Bahaushe zai fi Bature saurin fahimta. Mun san makaɗin fada. Mun san Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, mun san cewa a cikin waƙar yabo ake saka zambo da habaici, wanda aka yi dominsa ya ji a jikinsa, wanda ba a yi da shi ba ya yi ta gyaɗa kai. Babin ƙarshe na sinfoni na biyar ɗin nan ya cika da ƙaho da tambura kamar hawan salla, amma masu goge suna ta nanata sauti ɗaya tal, sau bila adadin, har abin ya fara yi maka kama da murnar wanda aka tsare da bulala aka ce ya yi dariya. Har gobe masana na jayayya: murna ce ko habaici? Wani littafi da ya fito a Amurka a 1979, wanda aka ce tarihinsa ne daga bakinsa, ya ce habaici ne, sai dai masana da dama sun nuna shakku a kan ingancin littafin. Ni dai kunnena ya fi karkata ga habaici. Kuma ai habaicin da aka iya kamawa da hannu bai cika habaici ba.

Ladan kuturu

Kada mu mai da shi waliyyi. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya zama gwarzo: sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya kwana 872, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane, amma ran 9 ga Agusta, 1942, makaɗan da yunwa ta rame suka kaɗa sinfoninsa na bakwai a cikin birnin, aka sa lasifika har abokan gaba na ji. Duk da haka a 1948 jam'iyya ta sake yin tir da shi tare da Sergei Prokofiev da wasu, aka hana kaɗa yawancin ayyukansa, aka raba shi da aikin koyarwa. Ga iyali. Sai ya koma ga fim, kuma finafinan da ake yi a lokacin na tumasanci ne.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Faɗuwar Berlin, wanda aka saki a 1950. A ƙarshensa Stalin na saukowa daga jirgin sama a Berlin cikin fararen kaya, jama'ar duniya na rububin gaishe shi, abin da bai taɓa faruwa ba. Shostakovich ne ya yi kiɗan. Na saurare shi, kuma gaskiya ɗaya ce: akwai ƙwarewa, babu rai. Ƙaho a kan ƙaho, amshi a kan amshi, kamar waƙar siyasar da aka biya kuɗinta jiya da daddare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A daidai waɗannan shekaru yana rubuta wasu kaɗe-kaɗen yana ɓoyewa a durowa, ba su fito ba sai bayan mutuwar Stalin a 1953. A 1960 ya shiga jam'iyyar Kwaminis, a 1973 kuma sunansa ya fito cikin waɗanda suka sa hannu a takardar sukar masanin kimiyyar nan Andrei Sakharov. Waɗannan tabo ne, kuma ba su goguwa. Mawaƙanmu da ke yawo tsakanin gidajen gwamnati su dubi wannan da kyau: mutumin da ya fi su baiwa nesa ba kusa ba, kiɗansa mafi rauni shi ne wanda ya yi don yabon mai mulki. Shi ma aƙalla yana da uzurin bakin bindiga.

Hamlet: inda kiɗa ya zama ɗan wasa

Idan fim ɗaya kacal za ka nema, to nemi Hamlet na 1964, wanda tsohon abokinsa Kozintsev ya ba da umarni, aka yi shi da harshen Rashanci, baƙi da fari. Wanda ya kalli Haider na Shahid Kapoor, na 2014, ya riga ya san labarin, don daga wasan Shakespeare ɗaya aka ciro su: ɗan sarki ya dawo gida ya tarar mahaifinsa ya mutu, ƙanen mahaifin ya haye gadon sarauta ya kuma auri uwarsa.

Fim ɗin ya buɗe da teku na dukan duwatsu, ana sauke baƙaƙen tutoci daga tagogin fada, Hamlet na sukuwa a kan doki. Kiɗan na faɗowa kamar saran takobi, ɗaya bayan ɗaya, sannan masu goge su shigo da wani sauti mai nauyi. Yana shiga sai a ɗage gadar ƙofa, a sauke ƙarafa. Ba a ce uffan ba tukuna, amma ka riga ka san wannan fada gidan yari ce. ’Yan kallon Rasha, waɗanda shekara 11 kacal da rabuwarsu da Stalin, ba su bukaci a yi masu fassara ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowane babban ɗan wasa yana da takensa. Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Idan aka busa kakaki a ƙofar fadar Zazzau ba sai an gaya maka wa zai fito ba. Mahauta na da takensu a kalangu, ’yan dambe na da nasu, ’yan tauri na da nasu, har mutum ya ji takensa tsikar jikinsa ta tashi. To haka Shostakovich ya yi. Fatalwar sarki tana da manyan ƙahoni masu zurfin murya da tambura masu tafiya a hankali. Tana fitowa da baƙar alkyabba iska na kaɗa ta, dawaki na tsinke igiya, kiɗan na danne ka kamar gini zai rufto. Daga baya, ko ba a nuna fatalwar ba, da ka ji waɗannan ƙahoni ka san Hamlet ya tuna alƙawarin ɗaukar fansa.

Ophelia, budurwar da Hamlet ke so, an ba ta wani tsohon kayan kiɗa, kakan fiyano, mai siririn sauti kamar ana taɓa waya. Da shi ake koya mata rawa, tana motsi kamar ’yar tsana. Kiɗan na da daɗi, amma daɗin akwatin wasan yara ne da aka ɗaure wa zare. Bayan an kashe mahaifinta, tsofaffin mata sun sanya mata rigar makoki a kan wani keji na ƙarfe, hankalinta ya gushe, sai wannan sautin ya dawo a karye. Yarinyar da ba a taɓa barin ta ta zaɓi komai ba, kiɗanta ya ba da labarinta tun daga fitowar farko. Marubutanmu mata sun cika littattafai da irin Ophelia. Har yau ban ji fim ɗinmu da ya ba irin wannan yarinya take nata na kanta ba.

Akwai kuma wuraren da ya yi shiru. Idan magana ta isa, yakan janye hannu a bar ka da ƙarar teku ko takun sawu. Aibin da zan iya kamawa shi ne a wasu wurare ƙahonin sun yi yawa, suna gaya maka abu mai girma na faruwa alhali idonka ya riga ya gani. Amma fim ɗin ya ci kyauta ta musamman a bikin finafinai na Venice a 1964, kuma rabin nauyinsa a wuyan kiɗan yake.

Shi kansa ya yi wa kansa take. Ya ɗauki haruffa huɗu daga sunansa ya mai da su sauti huɗu, ya riƙa saka su cikin kaɗe-kaɗensa, musamman sinfoni na goma na 1953, da wani kiɗan masu goge huɗu da ya rubuta cikin kwana uku a 1960, lokacin da ya je Jamus ta Gabas aikin wani fim. Mutumin da aka sa ya karanta jawaban da ba shi ya rubuta ba, ya sami inda zai sa hannu da ba mai iya gogewa.

Mu fa?

Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga sutudiyoyin Kano irin su Iyan-Tama, waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Sangaya da Wasila shaida ne. An yi ta muhawara a kan rawa da waƙa, malamai sun yi magana, an kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001, an ci tara, an ɗaure. Duk wannan hayaniya a kan minti biyar na waƙa ne. Sauran minti tamanin ɗin fa, wa ya taɓa tambayar me ke tashi a ƙarƙashinsu?

Yanzu zamanin finafinai masu dogon zango ne a YouTube da Arewa24. Kyamara ta gyaru, hoto ya yi kyau, rubutun labari ma ya ci gaba. Amma kasa kunne. Sau da yawa sautin tausayi ɗaya ne, ko uwa ce ta mutu ko waya ce ta faɗi. Asiri ya tonu, sai ka ji “gam!” sau uku, kyamara na bin fuskoki. Wani lokaci kiɗan ya danne magana, wani lokaci kuma ka gane daga fim ɗin Indiya aka yanko shi, don ka san ainihin wurin. Mai tace hoto ne ke zaɓo shi daga abin da ke cikin kwamfutarsa, daren da za a saki fim.

Ban ce a tara makaɗa ɗari ba. Ba mu da kuɗin, ba ma bukata. Kozintsev ya rufe fim ɗinsa na ƙarshe, Sarki Lear, wanda shi ne kuma na ƙarshe da Shostakovich ya yi wa kiɗa, da wawan sarki zaune cikin toka yana busa ’yar sarewa. Sarewa ɗaya. Muna da ita, muna da gurmi da kukuma da kalangu, kuma Ɗanmaraya Jos ya nuna abin da kuntigi mai tsirkiya ɗaya zai iya yi wa zuciya. Abin da ya rage shi ne furodusa ya miƙa wa mai kiɗa labarin tun kafin a fita ɗaukar fim, darakta ya zauna da shi su tsara wa kowane jarumi takensa, su kuma yarda da inda za a yi shiru. A rubuta sunansa a inda za a gani, a biya shi ba sai ya je kotu ba.

Kai kuma mai kallo, ga ɗan aiki. Fim ɗin da za ka kalla a daren yau, ka zaɓi fitowa ɗaya, ka rufe ido, ka saurara. Idan kiɗan ya gaya maka wani abu da ’yan wasan ba su faɗa ba, nemi sunan mai shi a ƙarshen fim ka riƙe. Idan kuwa bai gaya maka komai ba, to ka rubuto mana sunan fim ɗin, mu tambayi daraktan dalili.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.